Rantsuwar Da Na Karya A Gaban Surukina

Mijina yana raye. Da wannan nake so in fara, don duk wanda zai karanta abin da ke ƙasa ya karanta hankalinsa a kwance. Yanzu haka da nake rubutun nan yana tsakar gida yana yi wa 'yarmu Ummi faɗa a kan ta ɓarar masa da ruwan alwala, muryarsa garau, hannunsa ba ya rawa. Alhamdulillahi. Amma saura ƙiris in yi ajalinsa, kuma da kyakkyawar niyya. Shi ya sa na ga bai dace in yi shiru ba, don na san ba ni kaɗai ce macen da ke riƙe da irin wannan sirri a ƙasar Ajingi da Gaya ba.

Sunana Rabi. A Toranke aka haife ni, a nan aka yi mini aure. A gida Baban Ummi nake ce wa mijina, amma a takarda zan daure in rubuta sunansa, Nasiru. Auren zumunci ne, shi ɗan wan babana ne. Mahaifinsa, Baba Malam, shi ke jan salla a masallacin unguwarmu duk ranar da liman ba ya nan. Ina yarinya a kan cinyarsa nake zama yana ba ni dabino. Ranar da aka kai ni gidansa a matsayin matar ɗansa, duk wannan ya ƙare. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, kaina a ƙasa, kuma idan yana wuri ko tari ne ya zo mini sai in haɗiye abina.

Nasiru yana da shekara goma sha bakwai ya fara bin babbar mota mai kai gyaɗa da riɗi kudu. Lodi da sauke kaya suka sa masa ciwon baya. A tashoshin da suke yada zango akwai masu sayar da jiƙon saiwoyi a kwalba, su ce maganin baya ne, maganin basir ne, maganin gajiya ne. Abin da ba su faɗa wa yaro ɗan ƙauye ba shi ne ba da ruwa aka jiƙa saiwoyin ba, da giya ne. Kafin ya gane, jikinsa ya riga ya saba. Kafin a yi mana aure kuwa ya daina neman saiwar ma, abin da aka jiƙa ta da shi yake saya, a 'yan ƙananan kwalabe da ba su wuce tsawon yatsa ba.

A shekara ta biyu da aurenmu na gano, ranar da na zura hannu cikin buhun dusar awaki na ji sanyin kwalba. Ya yi kuka, ni ma na yi. Ya ɗauko Alƙur'ani ya ce in dafa in rantse ba zan faɗa wa kowa ba, musamman Baba Malam.

"In ya ji, zuciyarsa bugawa za ta yi, Rabi. Ki rufa mini asiri, zan daina."

Na dafa, na rantse da Allah. Bai daina ba. Kullum ne, safe da yamma, sai dai ba ya tangaɗi, ba ya zagi, yana cika baki da kanumfari, don haka babu wanda ya lura. Azumin shekarun baya duk a hanya ya yi su, ban san yadda yake yi ba.

Azumin bara motarsu ta lalace, tana gareji a Kano, ya zamana zai yi watan gaba ɗaya a gida. Na ce to, Allah ya kawo ranar. Ana gobe za a tashi da azumi na kwashe kwalaben nan kaf, na buhun dusa da na cikin tsohon takalminsa da na bayan randa, na juye su a masai yana kallo. Na ce masa ya zaɓa, ko ni ko su.

Ya ce, "Ki bar mini ko biyu in riƙa ragewa a hankali. Wallahi jikina ba zai ɗauka ba."

Na ce, "Ana rage haram ne? Dainawa ake yi."

Har yau idan na tuna yadda na ji daɗin wannan amsa tawa sai kunya ta kama ni. Ji nake na yi wa'azin da ko Baba Malam sai haka.

Ranar ɗaya ga azumi, tun kafin azahar gumi ya jiƙa masa riga. Da la'asar hannunsa ya soma rawa, ya yi amai sau biyu ba komai a cikinsa. Inna, mahaifiyarsa, ta leƙo ta ce azumin farko ne, ga zafi, kowa ma yana ji a jikinsa. Ni kuwa a raina cewa nake shaiɗan ne ke fita, a bar shi ya fita. Da aka sha ruwa kofin kunu ya gagare shi riƙewa, sai da na tallafa masa.

Ranar biyu da hantsi yana tsallaka tsakar gida sai ya sandare, ya faɗi, ƙeyarsa ta bugi bakin turmi. Ya yi ta jijjiga, idanu sun juye, kumfa a baki. Ban san lokacin da na kurma ihu ba.

Kafin ya farfaɗo gida ya cika, kuma kowa da ilminsa ya shigo. Wata ta ce a cusa masa cokali a baki, Allah ya taimake mu ba a sami cokalin da wuri ba. Wani ya ce farfaɗiya ce, a janye yara. Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba Malam, wadda ba a taɓa yin ciwo a danginmu ba ta san sunansa ba, ta ce iska ce ya kwaso a dajin kudu. Wani ɗalibin Baba Malam ya ce ai a watan azumi an ɗaure shaiɗanu. Gwaggo ta ce, "Manyan aka ɗaure, ɗan nan. Ƙananan suna nan suna yawonsu." Suka tsaya suna wannan muhawara a kan mutumin da ke kwance jini na zuba daga ƙeyarsa.

Aka yi tofi, aka yi hayaƙi, aka shafe shi da man habbatussauda. Da yamma aka ɗauko mai kemis daga Ajingi, ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya yi masa allura ya ɗaura ƙarin ruwa a jikin ƙusar bango. Ina tsaye ina kallon kowa yana ta lalube, ni kaɗai na san abin da ya canza a rayuwar mutumin nan cikin kwana biyu. Amma wallahi a lokacin ban haɗa su ba sosai. Ban taɓa jin cewa barin abu marar kyau yana iya kayar da mutum ba.

Ranar uku ya daina gane mu. Yana ta kakkaɓe jikinsa wai kiyashi sun rufe shi, yana nuna bango yana cewa a kori ƙadangarun da ke leƙensa. Ya kira ni da sunan wani direba. Jikinsa zafi kamar garwashi. A nan ne Baba Malam ya ce a nemo mota, aka kai shi wani asibiti a Gaya.

Mun isa da safe, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. A yanki kati a nan, a biya a can, a dawo a ce ba wannan tagar ba ce. Maza biyu ne ke riƙe da Nasiru a kan benci yana fizge-fizge, mutane suna matsawa nesa da mu. Ba na zargin ma'aikatan, na ga yawan jama'ar da ke gabansu, kuma su ma da azumi a bakinsu. Amma wanda ya zauna awa biyar yana kallon nasa yana narkewa a kan benci ba ya fita da zuciya fara tas.

Likitan saurayi ne, da alama bai girmi Nasiru da yawa ba. Baba Malam ya zauna a kujerar gabansa, Inna a gefe, ni kuma ina raɓe a bakin ƙofa, inda matar ɗa ke tsayawa. Duk tambayar da likita ya yi, Baba Malam ke amsawa, haka aka saba. Yaushe ya fara, ya taɓa yin irin wannan, akwai mai farfaɗiya a gida. Sai ya ɗago kai ya ce:

"Baba, ka yi haƙuri da tambayar da zan yi. Yana shan wani abu? Ƙwaya, ko maganin tari, ko giya?"

Baba Malam ya gyara zama. "Subhanallahi. Likita, ɗana ne fa. A gabana ya sauke Alƙur'ani. Ko sigari bai taɓa riƙewa ba."

Likita ya dubi Inna, ta girgiza kai. Ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabina. Ga rantsuwa a wuyana, ga surukina a zaune ya riga ya ba da amsa. In buɗe baki in ce me? In ƙaryata shi a gaban baƙo?

Gwajin jini ya nuna akwai ɗan zazzaɓin sauro, wanda a ƙasarmu wa za a gwada a rasa. Aka ba shi gado, aka fara yi masa maganin zazzaɓin da ya hau kai. Aka ɗaure masa hannuwa da bandeji a jikin ƙarfen gado don kada ya tsinke ƙarin ruwa. Ya kwana ya wuni babu sauƙi, sai ma abin da ya ƙaru.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin, kowa Sista yake ce mata, babbar mace mai muryar da ke kaiwa ƙarshen baranda. Tun ranar farko na tsane ta, don ta kore ni daga bakin gado ta ce na tare mata hanya. Ranar huɗu ga azumi ina wanke kwanuka a bakin famfo sai ga ta tsaye a kaina.

"Ke ce matarsa?"

Na ce ni ce.

"Na daɗe a aikin nan. Irin rawar hannun nan da ganin ƙwari a bango, na san inda na saba ganinsu. Dattijon nan bai san komai ba, uwar ma haka. Ke kuwa tun jiya ba ki iya kallon idon kowa. Me ya daina sha?"

Na ce, "Sista, na yi rantsuwa."

Ta yi tsaki. "Rantsuwa tana da kaffara. Ki ciyar da mutum goma an wuce wurin. In ya mutu, mutum nawa za ki ciyar ya dawo? Maganin da muke ba shi ba na ciwonsa ba ne, kuma likita ba zai canza a kan zato na ba, uban yaro ya riga ya ce a'a."

Ta juya ta tafi abinta. Na zauna a bakin famfon nan ruwa yana ta zuba a kan kwano ɗaya. Na so a ce na tashi nan take na bi ta. Ban tashi ba. Na ce bari in jira Baba Malam ya tafi masallaci in sami likita shi kaɗai. To Baba Malam bai tafi ba, a gefen gadon ya shimfiɗa darduma ya yi azahar.

Wajen ƙarfe uku jijjigar ta dawo, ta fi ta farko tsawo. Gadon ƙarfen har ƙara yake. Likita ya shigo da gudu, Sista tana biye, Inna ta faɗi zaune tana salati, Baba Malam ya dafa goshin ɗansa yana karanta masa kalmar shahada. Da na ji shahadar nan sai wani abu ya tsinke a ƙirjina. Na ji muryata tana fita, da ƙarfi, irin yadda ban taɓa magana a gaban surukina ba.

"Likita, giya yake sha. Shekara takwas, kullum. Ni na zubar masa da ita ana gobe azumi. Tun ranar bai sha ba."

Baba Malam bai juyo ba. Likita bai ce don me ba ki faɗa ba, ya dai juya ya gaya wa Sista sunan wasu allurai. Ta wuce ta gabana da sauri, ta ɗan bugi kafaɗata da gwiwar hannu. Wannan ce gaisuwar kirki ta farko da ta taɓa yi mini.

Aka yi masa allurar da ke kwantar da jiki, da wata ta bitamin da likita ya ce masu shan giya suna rasa shi har ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Kafin a sha ruwa Nasiru ya yi barci, barci na gaske, karo na farko cikin kwana huɗu. Daga baya likitan ya kira ni gefe ya yi mini bayanin da ya zauna mini a kai har yau. Ya ce jikin da ya saba da giya kullum kamar mai tura ƙofa ne da ƙarfi ana danne ta daga waje. In aka janye dannewar lokaci ɗaya, da ƙofar da mai turawar duk sai su kife. Ya ce irin su Nasiru a asibiti ake raba su da ita, da magani, a hankali, kuma akwai waɗanda dainawar farat ɗaya take kashewa. Na ce masa ai shi ma ya roƙe ni in bar masa biyu. Ya ce, "Ba biyun ya kamata ki bar masa ba, Hajiya. Nan ya kamata ku zo tun kafin a zubar."

Mako na biyu hankalinsa ya dawo. Ya gane ni, ya tambayi Ummi, ya sha kunu da hannunsa. Sai dai ciwon kai ya ƙi barinsa, yana ganin jiri, ga mantuwa. Likita ya ce saboda buguwar da ya yi a turmi yana so a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa a Kano, a tabbatar jini bai taru a ciki ba.

Duk kwanakin nan Baba Malam bai ce mini uffan ba. In na gaishe shi sai ya ce "lafiya" yana kallon wani wuri. Gwaggo Tabawa kuwa ta sami abin yi. Ta ce sharri na yi wa yaro yana kwance ba ya iya kare kansa, ta ce wa ya sani ko ni na zuba masa wani abu. Da aka zo maganar kuɗin hoto, wanda sai da tunkiyata da buhunan geron Baba Malam suka tafi kasuwar Ajingi, ita ce ta fi kowa goyon baya. Ta ce a yi, na'ura ba ta ƙarya, hoto zai nuna ko yaron nan ya taɓa kai giya bakinsa. Na lura Baba Malam ma da wannan fatan ya hau motar Kano.

A babban asibitin da aka tura mu, sai da muka yi kwana uku muna sintiri daga gidan wata 'yar'uwarmu. Ranar farko layi bai zo kanmu ba, ranar biyu aka ce mu dawo, ranar uku aka kira sunansa. Aka ce ya cire duk wani ƙarfe, har layar da Inna ta maƙala masa da fil a cikin riga. Suka kwantar da shi suka tura shi cikin wani abu mai kama da babban bututu. Da ya fito ya ce ƙararsa ta fi ta injin niƙa, kuma duk tsawon lokacin Ƙulhuwallahu yake maimaitawa.

Wadda ta duba hoton likita ce mace, mai magana a hankali. Ta juyo mana da allon kwamfuta, ni da Nasiru da Baba Malam da Gwaggo, wadda babu wanda ya gayyace ta ciki. Abu na farko da ta ce shi ne babu jini, babu tsagewa. Na ce alhamdulillahi ya fi sau goma, hawaye na zuba, ban damu da wa ke kallo ba.

Sannan ta nuna wasu layuka baƙaƙe ta wajen goshi. Ta tambayi Nasiru sana'arsa, ya ce gyaɗa yake ɗauka. Ta ce to ya san yadda gyaɗa mai kyau take cika ɓawonta. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara ashirin da biyar haka ya kamata ta cika ƙoƙon kai, tasa kuwa ta ɗan saki kaɗan. Ta ce wannan ɓangaren na gaba shi ke taka wa mutum birki, kuma shi ne na ƙarshe da ke gama nuna, sai mutum ya haura ashirin. Wanda ya fara sha da ƙuruciya, yana jiƙa shi tun bai ƙosa ba. Amma ta ce masu bincike da suka yi ta ɗaukar irin wannan hoto sun ga cewa idan mutum ya daina ya ɗore, da yawa daga abin da ya saki yana komawa, balle mai ƙuruciya irinsa.

Gwaggo ta matso. "Likita, mu dai abu ɗaya muka zo ji. Hoton nan ya nuna ya sha, ko bai nuna ba?"

Likitar ta ce, "Mama, hoto ba ya nuna wanda ya sha da wanda bai sha ba. Abubuwa da yawa suna iya kawo wannan. Mai ƙwaƙwalwar yana zaune, ga shi nan, shi zai faɗa."

Nasiru ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa. Tunda ya farfaɗo ba mu yi maganar ba, ban ma san ko an gaya masa abin da na yi ba. In ya ce a'a, aurena ya ƙare a ɗakin nan.

Ya ce, "Baba, gaskiya Rabi ta faɗa. Ka yafe mini."

Baba Malam ya rufe ido. Gwaggo ta ce to wannan ba a jininsu yake ba, sai dai ta wajen uwa. Na kusa yin dariya a tsakiyar kuka. Gidan da tun kakanni ɗan wa ke auren 'yar ƙani, Inna ma jikar gidan ce, wane jini ne na wani?

Likitar ta ce tambayar da za ta yi ke nan, ko akwai wani a dangi da ya taɓa fama da shaye-shaye. Ta ce ba don a kunyata kowa ba. Abin yana bin jini kamar yadda hawan jini da ciwon suga suke bi. Mutum biyu za su sha abu ɗaya, ɗaya ya tofar ya wuce, ɗaya ya kamu, kuma sanin tarihin gida yana taimaka mata ta san irin kulawar da za ta ba shi. Baba Malam ya ce, "Babu." Ta rubuta.

Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, don Ummi ta kowane ɓangare jinin gidan ce. Na cije na tambaya ko akwai gwajin da za a yi mata. Likitar ta yi murmushi ta ce babu wani gwaji da zai ce wane zai sha, wane ba zai sha ba. Ba ƙwayar halitta ɗaya ba ce, tarin ƙanana ne, kuma duk taruwarsu ba sa miƙa wa mutum kwalba. Ta ce abin da zan yi wa Ummi shi ne idan ta girma in gaya mata gaskiya, yadda ake gaya wa 'ya'yan mai ciwon suga su kula da zaƙi.

Mun dawo Toranke ana saura kwana tara salla, da ledar magunguna da katin komawa asibiti duk wata. Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Nasiru ya bar bin mota, yanzu awon gyaɗa yake yi wa wani ɗan kasuwa a Ajingi, samun bai kai na da ba. Akwai watan da ya yi ta fushi ba dalili. Sau ɗaya, bayan babbar salla, ya zame, kuma shi da kansa ya zo ya gaya mini, washegari muka hau mota muka koma wurin likita. Maganar ta zaga unguwa, har yau akwai matan da ke yin shiru idan na iso gidan biki. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba. Amma ina komawa gida in tarar da mijina yana cin tuwo.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In naka yana sha kullum, kada ka zubar masa ka ce ka yi jihadi, kai shi asibiti a raba su. In kuma likita ya yi tambaya a gaban manya kunya ta hana ka, bi shi waje ka faɗa masa. Ni ban yi ko ɗaya ba, Allah ne kawai ya rufa mini asiri.

Saura maganar rantsuwa. Tun a Gaya take damuna. Malamin da za a tambaya yadda ake kaffara a gidanmu shi ne Baba Malam, shi kuwa ya yi kusan wata bai haɗa kalma uku da ni ba. Na yanke shawara in an gama Sitta Shawwal in sayar da 'yan kunnena in yi abin da Sista ta ce.

Kwana uku bayan ƙaramar salla, da hantsi, ina tankaɗe sai na ji sallama a ƙofar sashenmu. Muryar Baba Malam ce. Tunda aka kawo ni gidan, in ban da lokacin ciwon Nasiru, bai taɓa tako wannan ƙofa ba. Na jawo hijabi na durƙusa. Ya ajiye ƙullin shinkafa da galan ɗin man gyaɗa a bakin ƙofa, da hannunsa ya ɗauko su.

Ya ce, "Mutum goma ne. Ki dafa, Nasiru ya kai."

Na ce, "To, Baba. Allah ya saka da alheri."

Bai tafi ba. Ya tsaya yana jan carbi, yana kallon turmin da ke jingine a bango.

"Yaushe za ku koma wurin likitar nan ta Kano?"

Na ce ranar Talata ta sama.

"Ta yi mini tambaya, na ba ta amsa da azumi a bakina. Ki ce ta goge abin da ta rubuta. Akwai. Ƙaninmu ne ni da babanki, Ɗanjuma, kina goye ya rasu. Mun ce wa mutane ciwon shawara ne." Carbin ya tsaya a hannunsa. "Ni na kulle shi a ɗaki don ya daina sha. Kwana huɗu ya yi. Ina jin yana kiran sunana, na ce shaiɗan ne ke fita."

Na kasa ɗago kai. Ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Rabi," ya juya ya fita.

Na daɗe a durƙushe a wurin. Sannan na tashi na hura wuta, na ɗora babbar tukunya.